Minti 56 da suka kai mai soya kifi har Kotun Ƙolin Birtaniya

Ranar da wasiƙar ta iso gidana ban ma buɗe ta da wuri ba, na ɗauka irin takardun tallan nan ne da ake cusa mana ta ƙofa kullum, sai da daddare bayan yara sun kwanta na yage ambulan ɗin, sai ga hoton motata har guda biyu, ɗaya tana shiga ɗaya tana fita, hoton duk yayi dishi-dishi amma lambar motar tar da ita kamar wanda aka goge, a ƙasan kowanne an buga lokaci har da sakan. Wai na zarce lokaci da minti 19 a filin fakin na wasu shaguna, in biya fam 100, in kuma nayi sauri cikin kwana 14 an min rangwame ya koma 60. Na tuna ranar sarai, Juma'a ce, na sauke maiɗakina tayi cefane ni kuma na tsallaka masallaci, liman ya ja huɗuba, muka fito aka tsaya gaishe-gaishen nan namu da ba ya ƙarewa.

Washegari na kai takardar wajen wani dattijo da muke ce wa Kawu, direban tasi ne, ya haura shekara 20 a Ingila, duk abun da ya shafi mota shi muke tambaya. Ya sa tabarau ya kalle ta ko minti ɗaya bai yi ba ya miƙo min.

"Ɗana jefa ta a shara. Waɗannan ba hukuma bane, 'yan kasuwa ne masu neman na tuwo. Ni da na tara irinsu sun cika leda, me akayi min?"

Nace "Kawu ka tabbata dai?"

Yace "Kai dai yaro ne."

To gaskiyar magana shawarar Kawu tayi aiki a zamaninta, amma abu biyu sun kashe ta, ɗaya wata doka ce ta 2012, ɗaya kuma shari'ar wani bawan Allah mai suna Barry Beavis da kamfanin ParkingEye mai kula da filayen fakin, wadda har yau in ka samu irin wannan wasiƙar ka ƙi biya, a wasiƙa ta biyu ko ta uku akwai yiwuwar kaga an ambato maka sunansa don jikinka yayi sanyi. Ita nake so mu baje, don duk wanda ke tuƙi a Ingila ko yake shirin zuwa, wannan shari'ar ce ke zaune a bayan takardar da za a aiko masa.

Bari in fara da abun da ke rikita baƙi. Takardar fakin a Ingila kala biyu ce. Akwai ta kansil, wato ƙaramar hukuma, in ka ajiye mota a titi inda aka hana ko a filin gwamnati, wannan tara ce ta gaske da doka ta basu ikon yankewa, a wajen Landan yawanci fam 50 ko 70 ce, in ka biya da wuri rabi, in baka yarda ba akwai kotun sauraron ƙorafi mai zaman kanta. Sai kuma ta kamfanoni masu kula da filayen da ba na gwamnati ba, na manyan kantuna, asibitoci, gidajen abinci, rukunin gidajen haya. Su basu da ikon cin kowa tara. Abun da suke cewa shine kai da su kun ƙulla yarjejeniya, allon da suka kafa shine tayin, shigarka da ajiye motarka shine amincewa, tunda ka saɓa sai ka biya abun da allon ya faɗa. Amma duba wayo, duka takardun biyu a taƙaice PCN ake rubutawa, a ta hukuma P ɗin na nufin tara, a ta kamfani yana nufin fakin, sannan in a gilashin mota aka liƙa ta, sau da yawa har ledar rawaya ce mai kama da ta hukuma. Wanda ya sauka ƙasar watan jiya ta ina zai bambance?

Da can ma abun ya fi haka muni, don mari suke sa wa taya, ka dawo ka tarar an garƙame maka mota da ƙarfe, wasu ƙarti na tsaye sai ka biya nan take kafin su buɗe, wani lokacin ma su ja ta gaba ɗaya. A Sikotlan kotu ta haramta wannan tun 1992, amma Ingila da Wels sai 1 ga Oktoban 2012 aka hana a ƙarƙashin dokar kare 'yancin jama'a ta wannan shekarar. Mutane sukayi murna. Sai dai a cikin dokar an saka wa kamfanonin da wani abu, da can sai sun tabbatar da waye ke tuƙi a ranar kafin su bi shi, shi yasa Kawu ke tara takardu a leda ba abun da ke faruwa, yanzu kuwa in ba a san direba ba suna iya bin wanda sunansa ke kan rajistar motar, muddin sun bi matakan da dokar ta shimfiɗa, ciki har da cewa in kyamara ce ta kama ka takardar ta iso maka cikin kwana 14. Adireshinka kuma a ina suke samu? Wajen DVLA, hukumar rajistar motoci da lasin, ita ke basu akan fam 2.50 kowane suna. An cire mari daga taya an kawo kyamara da akwatin wasiƙa.

A cikin wannan sabon yanayin ne, ranar 15 ga Afrilun 2013, Barry Beavis, mai shagon soyayyen kifi da dankali a garin Billericay na yankin Essex, ya shiga filin fakin na rukunin shagunan Riverside a Chelmsford da ƙarfe 2:29 na rana. Ya fita wajen ƙarfe 5:26. Wurin kyauta ne amma na awa 2 kacal, shi kuma yayi awa 2 da minti 56, wato ya zarce da minti 56. Alluna kusan 20 ne a filin, a bakin shiga da ciki, manyan baƙaƙen haruffa akan ruwan lemo, suna cewa iyakar zama awa 2, wanda ya saɓa fam 85. Aka aiko masa da takarda, fam 85, in ya biya cikin kwana 14 fam 50. Yace ba zai biya ba.

Yanzu ga inda ni nake ganin asalin maganar take, kuma shine abun da yawancin masu bada labarin ke tsallakewa. Filin ba na ParkingEye bane, na asusun fanshon ma'aikatan British Airways ne. Mai hankali zai ɗauka mai fili ne ke biyan kamfanin ladan gadi, kamar yadda ɗan kasuwa ke biyan mai gadin shago a ƙarshen wata. Ina, a juye abun yake. Kamfanin ne ke biyan mai fili, fam 1,000 duk sati, don a bashi damar kula da wurin, shi kuma duk kuɗin da ya karɓa daga waɗanda suka zarce lokaci nasa ne. Fakin kyauta ne, ba tikiti ba komai, to kaga kenan kamfanin bashi da wata hanyar samun ko sisi a wurin sai in mutane sun yi kuskure. Ka lissafa da kanka, sai ya kama mutum 12 masu biyan 85 a sati, ko 20 masu biyan 50, kafin ma ya mayar da kuɗin da ya ba mai fili, ba a zo maganar kyamara da albashi da riba ba. Da ace wata rana duk direbobin Chelmsford za su shiryu kowa ya fita akan lokaci, kamfanin ya karye kenan.

Hujjar Beavis ta farko tsohuwa ce, duk wanda ya karanta lauya a Najeriya ma ya san ta tunda dokar kwantiraginmu daga nan tushenta yake. Tun shari'ar kamfanin taya na Dunlop a 1915 alƙalan Ingila suka tafi akan cewa in an rubuta a yarjejeniya wanda ya saɓa zai biya kaza, to kuɗin nan ya zama kimanta asara ce ta gaskiya da aka yi tun farko, in kuwa an ɗora shi ne don tsoratarwa kawai, ya zama horo, kuma kotu bata tilasta wa mutum biyan horon da ɗan'uwansa ya yanke masa, horo aikin hukuma ne. Lauyoyinsa sukace to ku nuna mana asarar. Fili ba naku ba, fakin kyauta, da ya fita akan lokaci wata motar ta shigo ita ma ba abun da zata biya, to minti 56 ɗin nan me ya rage muku? Kamfanin kuma bai yi musu ba, ya yarda kuɗin ba kimanta asara bane, don me ma zai yi musu, ai Beavis riba ya jawo masa. Hujja ta biyu kuma daga ƙa'idojin 1999 ne masu kare mai saye daga sharuɗɗan da ba adalci a cikinsu, irin waɗanda kamfani ke rubutawa shi kaɗai kai baka da bakin cewa a gyara.

A ƙaramar kotu a Cambridge a 2014 alƙali Moloney ya ba kamfanin gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara ma a Afrilun 2015 haka. Mutumin nan bai haƙura ba, ya nemi gudummawar jama'a ta intanet, ƙungiyar kare masu saye mai fitar da mujallar Which? ita ma ta shigo ta faɗi nata, aka tafi Kotun Ƙoli. Abun dariya, a can sai aka haɗa shari'arsa da ta wani attajirin ɗan Lebanon, Talal El Makdessi, mai kamfanin talla a Gabas ta Tsakiya, wanda tasa rigimar ta miliyoyin daloli ce akan sayar da hannun jari, saboda tambayar ɗaya ce, yaushe kuɗin saɓa alkawari yake zama horo. Alƙalai 7 suka zauna, fam 85 a gefe ɗaya miliyoyi a ɗaya gefen. Ranar 4 ga Nuwamban 2015 aka yanke hukunci, 6 suka goyi bayan kamfanin, 1 ya saɓa.

Lord Neuberger da Lord Sumption ne suka rubuta babban hukuncin, kuma abun da suka yi ya wuce maganar fakin, ma'aunin da aka shekara 100 ana aiki da shi suka sake wa fasali. Sukace tambayar asara ita kaɗai bata wadatar ba. Abun dubawa shine, wanda ya sa sharaɗin yana da wata halastacciyar buƙata da yake karewa? In akwai, kuɗin da ya ɗora ya wuce gona da iri har ya fita daga hankali idan aka auna shi da buƙatar? Sai suka samo buƙata biyu. Ta farko, masu shaguna suna son motoci su riƙa juyawa, mai saye ya zo ya samu wuri, ga tashar jirgin ƙasa a kusa, in ba a sa tsoro ba masu zuwa aiki za su cika filin tun safe su hau jirgi sai dare. Ta biyu kuma, kamfanin na buƙatar kuɗin shiga don ya tafiyar da tsarin ya kuma ci riba. Duka biyun sukace ba laifi. Fam 85 kuma bai wuce hankali ba tunda ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin fakin ta BPA ta sa iyaka a fam 100, kuma bai yi nisa sosai da abun da kansil ke karɓa ba. Akan maganar adalci sukace alluna manya ne, sharaɗin a fili yake, an baka awa 2 kyauta a filin wani, abun da ake nema a wajenka kawai ka duba agogo. Da Hausa dai, kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa.

Ni fa buƙata ta farkon ban da ja a kanta. Duk wanda ya taɓa zagaya fili sau uku da jariri na kuka a bayan mota yana neman wurin tsayawa ya san amfanin a kori masu shanya mota su tafi yawonsu. Kuma in za a faɗi gaskiya Beavis ba shine ya fi dacewa a gwada wannan shari'ar da shi ba, kusan awa guda ya ƙara, ba minti biyu ba, allunan kuma ba wanda yace ɓoyayyu ne. Da wata tsohuwa ce da layin biyan kuɗi ya riƙe ta minti 6, wataƙila da hukuncin ya ɗan sha bamban ko a lafazi.

Ta biyun ce ke min tsaye a wuya. Ana tambaya me ya halasta karɓar kuɗin, sai akace ai kamfanin na buƙatar kuɗin. To wannan ai zagaye ne, kamar ka tambayi mai shingen hanya dalilin karɓar kuɗi yace don ya samu na gyaran shingen. Haka ma'aunin fam 100 ɗin da aka jingina da shi, waye ya sa shi? Ƙungiyar kamfanonin ce da kanta. Sun yanka wa kansu iyaka, kotu ta duba tace tunda basu wuce iyakar da suka yanka ba to da sauƙi.

Lord Toulson shi kaɗai ya tsaya daban, kuma duk wanda ya taɓa samun wasiƙar nan in ya karanta nasa ɓangaren zai ji kamar da shi ake. Ya yarda da sauran akan maganar horo, amma akan adalci ga mai saye yace a'a. A ganinsa kamfanin ne ya kamata ya nuna cewa da an zauna da direba an yi ciniki tsakani da Allah, kowa da bakinsa, zai amince da wannan sharaɗin, kuma bai nuna ba. Ya kawo cewa fam 85 ba ƙaramin kuɗi bane a wajen yawancin mutane, a lokacin fanshon gwamnati na tsoho fam 115 ne a sati, kaga kusan kashi uku cikin huɗu na abincin satinsa kenan. Sannan sharaɗin kamar yadda aka rubuta shi ba sassauci ko kaɗan, wanda ya ƙara minti ɗaya da wanda ya kwana duk kuɗi ɗaya, ba ruwansa da ko cunkoso ne ya riƙe ka a shago ko a ƙofar fita, ko wani abun da baka shirya masa ba ya taso. Muryar mutum ɗaya ce dai cikin 7, bata canza komai ba.

Abun da ya biyo baya shine ya sa nake cewa hukuncin ya fi ƙarfin shari'ar da aka yi shi dominta. Alƙalan akan fili ɗaya suka yi magana, mai alluna 20, mai awa 2 kyauta, mai tashar jirgi a kusa, kuma sun faɗa ƙarara cewa wannan ba lasisi bane na kamfani ya caji duk abun da ya ga dama. Amma a kasuwa sai ya zama mabuɗin kowace ƙofa. Filin da allonsa ke maƙale a saman turke da rubutu ƙanana kamar na takardar magani, da filin da injin biyan kuɗinsa ya lalace, da gidan haya inda mai gidan ne da kansa ya manta bai manna takardar izini a gilashi ba, duk sunan Beavis ake kira musu. A shekarar kuɗi ta 2018 zuwa 2019 kamfanonin sun nemi bayanan masu motoci daga DVLA kusan sau miliyan 6.8, a 2023 zuwa 2024 ya kai miliyan 12.8, shekarar da ta biyo miliyan 14.4, wato kusan 40,000 kullum har Asabar da Lahadi. Ban ce hukuncin kaɗai ya jawo ba, kyamarori sun yi araha, filaye da yawa sun koma hannun kamfanoni, amma shine ya cire musu fargabar kotu. In kana so ka san ko sana'ar na ci, kamfanin Capita ya sayi ParkingEye a 2013 akan fam miliyan 57.5, a 2018 ya cimma cinikin sayar da shi akan miliyan 235.

Kuma kuskuren ba kullum na direba bane. Kyamarar ba ta ganin inda ka tsaya, shiga da fita kawai take ɗauka, saboda haka in ka leƙa da safe ka sayi burodi ka dawo da yamma, ta kuskure fitarka ta farko da shigarka ta biyu, sai a aiko maka wai ka wuni. Ko ka biya kuɗinka cif amma wajen danna lambar mota a inji ka sa sifili a madadin harafin O. Akwai ma wuraren da suka sa dokar sai ka biya cikin minti 5 da shigowa, wata mata a Derby aka bi ta kusan fam 1,900 akan haka duk da cewa tana biyan kuɗin fakin ɗinta, matsalar sabis ce ke jinkirta ta, sai da labarin ya cika kafafen yaɗa labarai sannan aka janye, a Fabrairun 2025 kuma ƙungiyoyin suka gyara ƙa'idar a filayen da kyamara ke gadi.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya, wato kuɗin bin bashi. In ka yi shiru irin na Kawu, 100 ɗin sai a miƙa ta ga masu karɓar bashi su ɗora har 70 ta zama 170, wasiƙu su fara zuwa da jan rubutu, daga nan a shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka. Anan ne mutanenmu ke faɗawa rami, musamman ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi da basa daɗewa a gida ɗaya, mutum ya tashi bai canza adireshin takardar motarsa a DVLA ba, duk wasiƙun suna zuwa tsohon gida, a yanke hukunci a bayan idonsa, in bai biya cikin wata guda ba sunansa ya zauna a rajistar masu bashi shekara 6, shi bai ma sani ba sai ranar da ya je neman hayar gida ko waya ta biya a hankali aka ce masa a'a.

Hanyar ƙorafi akwai, kar in yi musu ƙarya. Ka fara rubuta wa kamfanin cikin kwana 28, in ya ƙi, sai ka ɗaukaka ƙorafin zuwa wajen masu sauraron ƙorafi, in kamfanin ɗan ƙungiyar BPA ne ka tafi POPLA, in na ɗaya ƙungiyar ce IPC ka tafi IAS, kyauta ne kuma ana cin nasara, musamman in allon bai fito ba ko takardar ta makara ko kana da rasit. Wani lokacin ma manajan kantin in ka same shi da rasit ɗin cefanenka yana sa a soke, wannan ta fi sauri. Sai dai masu sauraron ƙorafin daga aljihun masana'antar ake ɗaukar nauyinsu, sannan in ka tafi POPLA ka faɗi, rangwamen ya wuce, cikakken kuɗi zaka biya. To mutum mai aikin dare da iyali zai zauna ya auna, 60 yau ko cacar 100 bayan wata biyu da rubuce-rubuce da Turancin lauyoyi, yawanci sai ya biya ko da yana da gaskiya, kuma tsarin ya san da haka.

Majalisa ta ga duk wannan. A 2019 aka zartar da doka wadda ɗan majalisa Sir Greg Knight ya kawo, tace gwamnati ta rubuta ƙa'ida guda ɗaya da zata hau kan kowane kamfani, wanda ya ƙi bi a toshe masa bayanan DVLA, wanda shine numfashin sana'ar. A Fabrairun 2022 ƙa'idar ta fito, ta rage yawancin cajin zuwa fam 50, ta hana ɗora kuɗin bin bashi, ta wajabta minti 10 na sassauci bayan lokaci ya cika. Kusan abun da Lord Toulson ya yi kuka a kai kenan. Wata 4 kacal ta yi, kamfanonin suka garzaya kotu suna ƙalubalantar ragin da hanin, a Yunin 2022 gwamnati ta janye ta wai za a sake nazari. Ana cikin jiran ne ƙungiyoyin biyu suka haɗa kai suka fito da tasu ƙa'idar, ta fara aiki 1 ga Oktoban 2024, da minti 10 ɗin sassauci a ciki, da sauƙi ga wanda ya yi kuskuren danna lamba, amma fam 100 na nan daram, 70 ɗin masu bin bashi ma na nan. An ba kura ajiyar nama ta kuma rubuto da hannunta yawan da zata riƙa ci. A Yulin 2025, shekara 6 bayan dokar, gwamnati ta sake buɗe jin ra'ayin jama'a akan sabuwar ƙa'ida.

Ni a nawa ganin ba sai an rushe hukuncin Beavis ba, mai fili na da haƙƙin filinsa kuma tsoro kaɗan na gyara fakin. Inda gyaran yake shine hanyar da kuɗin ke bi. Da mai fili ne ke biyan kamfani ladan aiki tsayayye, cajin kuma ya tafi wani wajen da kamfanin baya amfana da yawansa, da kaga allo ya girma, inji ya gyaru cikin awa ɗaya, har saƙo ma a turo maka cewa saura minti 10. Amma muddin mai kafa allo shine mai kyamara, shine mai aiko takarda, shine mai sauraron ƙorafinka na farko, kuma abincinsa na cikin kuskurenka, ban ga dalilin da zai sa ya so ka daina kuskure ba.

Tawa takardar dai na je na duba filin da ido, allon na nan ƙato a bakin shiga, wasiƙar ta iso a kwana na 9, minti 19 kuma ya wuce sassaucin minti 10, ban da ta cewa. A kwana na 13 na biya 60 ɗin ina ƙunƙuni. Da na faɗa wa Kawu sai da ya min faɗa wai na ɓata kuɗin madarar yara. Bayan kamar wata uku muna zaune a masallaci an idar da sallah ana addu'a sai naji waya na ƙara a aljihunsa, ya zabura ya lalubi takalmi, nace "Kawu lafiya?" Yace "Ɗana riƙe min wurina, saura minti 7," ya fita da sauri har yana tuntuɓe da takalman mutane.